Naomi Mai Hutu Biyu

Shekarar da gwamnati ta tattara nata-ya-nata ta baro Legas ta dawo Abuja, gidaje ba su isa ba. An kwaso ma'aikata da iyalansu da katifunsu da tukwanensu an zube a Garki, aka ce kowa ya yi maneji da inda aka ba shi kafin a gama gine-gine. Mu da yake maigidana direba ne, ɗaki ɗaya muka samu a ƙasan wani bene, gab da famfo, kuma mun gode wa Allah. Can a hawa na uku kuwa gida ɗaya aka raba wa magidanta biyu, kowa da ɗakin kwanansa, falo da kicin na tarayya. Alhaji Zaid da matarsa Hajiya Saudatu a ɓangare ɗaya, Oga Godfrey da matarsa Madam Vivian a ɗayan. Duk su huɗun ma'aikata ne, da sassafe kowa yake saɓa jaka ya fita, kuma kowane ɓangare akwai yara ƙanana.

To, wa zai yi aikin gida? Wurin kwanan mai aiki ɗaya ne tak, wani ɗan sito a jikin kicin wanda in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa buhun shinkafa. Sai matan biyu suka yi shawara, a lokacin ana ɗasawa, suka ce a ɗauki mutum ɗaya su raba. Haka aka kawo Naomi.

Mutuniyar Yangoji ce, can gaba da Kwali a hanyar Lakwaja. Mace gajeriya mai ƙarfi, ba ta da yawan magana, Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Mijinta ya rasu a wurin fasa dutse a Mpape, ya bar ta da yarinya ɗaya, Gift, wadda ba ta isa shiga makaranta ba. Ta bar yarinyar a ƙauye wurin surukarta, tsohuwa, ta zo neman abin da za su ci. Sharaɗi ɗaya kawai ta kafa ranar da aka ɗauke ta, shi ne a ba ta rana ɗaya a mako ta je ta ga 'yarta ta dawo. Motar Yangoji ba ta wasa ba ce a wancan lokacin, sai ka sauka a Gwagwalada ka jira wata ta cika. Zuwa da dawowa yini guda ne cur.

Hajiya Saudatu ta ce ai wannan ba abin roƙo ba ne. Tun da Naomi Kirista ce, ta ba ta Lahadi. Madam Vivian kuwa, wadda nas ce a wani asibiti, ta ce ita Lahadi ba za ta yiwu ba, ranar ce suke zuwa coci su dawo da baƙi, amma Juma'a ba ta da aiki a asibiti, don haka ta ba ta Juma'a. Naomi ta sauko famfo ranar baki har kunne. Nan muka fara sanin juna, don ruwa ba ya hawa bene, sai ta sauko ta cika jarka ta ɗora a kafaɗa kamar yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta hau da ita. Ta ce da ni, "Maman Hassan, Allah ya taimake ni. Na roƙi ɗaya, an ba ni biyu."

Juma'ar farko ta ƙulle ɗan ƙunshinta, har da biskit da ta saya wa Gift, ta kama hanyar ƙofa. Hajiya ta leƙo ta tambaye ta ina zuwa. Da ta ce ƙauye, Hajiya ta yi dariya ta ce Juma'ar ai ta Vivian ce, ita ba ta ba da Juma'a ba. Yau fa Alhaji zai dawo daga masallaci da abokansa, wa zai tuƙa tuwon? Ta yi haƙuri zuwa jibi. Naomi ta kwance ƙunshi ta ɗaura zane. Ranar Lahadi ta sake ƙullewa, Madam Vivian ta tare ta da kayan coci a jikinta, ta ce Lahadin ta Hajiya ce, ita ta riga ta ba da tata ranar shekaranjiya, in Naomi ba ta yi amfani da ita ba wannan ba laifinta ba ne. Ga kaji biyu suna jiran a fige su.

Wallahi da farko dariya na yi, na ɗauka ruɗani ne na mako ɗaya, matan za su zauna su daidaita. Ashe kafin su zauna shaiɗan ya riga su zama. Firji ɗaya ne a kicin, Hajiya ta buɗe wata safiya ta ga kwalaben giyar Oga Godfrey kusa da madarar 'ya'yanta, ta kwashe ta jera su a ƙofar ɗakinsu. Madam Vivian ta ce ita ma ta gaji da ƙarar buta da kwanuka tun kafin gari ya waye. Aka yi musayar baƙaƙen maganganu, daga ranar ba sa ga maciji da juna. Ko gishiri ɗaya ke so daga ɗaya sai ta aiki Naomi. Maganar haɗa ranar hutu kuwa ta zama maganar wa zai sauko wa wa, kuma ba wadda ta shirya saukowa.

Ku dubi yinin baiwar Allah nan. Gidan Alhaji masu sammako ne, tun kiran sallar farko Naomi na kicin tana dafa ruwan wanka tana dama koko. Tana gama shirya yaran Hajiya sai na Madam su tashi. Ta share ɓangare biyu, ta wanke kaya kashi biyu, ta dafa abinci iri biyu a tukwane daban, don Hajiya ta hana a haɗa ko ludayi. Ruwa kuwa ban san sau nawa take hawa da sauka ba, na dai san kafaɗarta ta yi kanta har fata ta yi baƙi. Gidan Alhaji su kwanta da wuri, gidan Oga Godfrey kuma sai Madam ta dawo daga aikin yamma ake cin abinci, Naomi ce za ta jira ta wanke kwanuka. Amma in ka tambayi kowace a cikinsu sai ta ce maka rabin aiki kawai yarinyar ke yi mata, sauran lokacin ai tana can ɓangaren, ƙila ma tana hutawa.

Akwai wata Lucy, 'yar garinsu, mai kawo doya kasuwar Garki. Ita ce ke kawo labarin gida. Takan tsaya a bakin famfo, don ba a bari ta hau sama. Zuwanta na farko ta ce Gift lafiya lau, sai dai an gaya mata mamanta za ta zo Juma'a ko Lahadi, shi ya sa duk ranakun nan biyu take zuwa ta zauna a gindin mangwaron bakin titi, sai an je an ɗauko ta da kuka. Naomi ta ba da biskit ɗin nan da ya riga ya yi laushi ta ce a kai mata, a ce mako mai zuwa.

Mako mai zuwan ya zo ya wuce, wata ya bi bayan wata. Lucy ta dawo da labarin da ya fi wancan nauyi. Idon tsohuwa ya yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi. Rannan tana ɗaki Gift ta je murhu ta jawo tukunya, ruwan zafi ya zube mata a hannu. An shafa magani, hannun yana warkewa. Amma ƙanen mijin Naomi, wani soja mai suna Justice da ke aiki a Fatakwal, ya zo hutu ya tarar da abin, ransa ya ɓaci. Ya tara dattawan gidan ya ce ba zai bar 'yar ɗan'uwansa a hannun makauniya ba, uwar kuma ta shiga birni ko leƙe ba ta yi. In hutunsa ya ƙare da yarinyar zai tafi.

Naomi ta zauna a kan jarka. Ta ce tana da yaya, Clara, a Kwali, ta taɓa cewa za ta riƙe Gift in dai Naomi za ta riƙa aiko da abinci. Lucy ta ce an faɗi haka a zaman, dattawa suka ce ba su ƙi ba, amma ba a ba da 'ya da saƙo. Uwar ta zo da ƙafarta ta zauna a gabansu ta faɗa da bakinta, su ga idonta, su san tana nan. In ta zo kafin Justice ya koma, yarinya ta zauna a Kwali. In ba ta zo ba, sun san ta sallama.

Rana ɗaya ke nan ake nema. Ba mako ba, ba wata ba.

Lokacin azumi ya yi nisa. Naomi ta sami Hajiya a kicin ta durƙusa ta zayyana mata komai. Hajiya ba muguwa ba ce a fuska, har ta ce Allah sarki, ta tambayi yadda hannun yake. Sannan ta ce Naomi ta duba da kanta, ga azumi, ga aikin ofis, ga kayan buɗa-baki, mutanen Alhaji da ba su kawo iyalansu ba duk nan suke shan ruwa, ballantana ranar Juma'a. Ita fa ba ta taɓa hana ta Lahadi ba. Ta je ta sami wadda ke cinye mata Lahadin.

Ta je. Madam Vivian tana guga farin kayanta na asibiti, ba ta ɗago ba. Ta ce ita da take tsaye a kan marasa lafiya tun safe ta fi kowa sanin darajar hutu, shi ya sa ta ba da Juma'a guda ba ta taɓa taɓawa ba. In wasu sun mai da mutum baiwa a ranar hutunsa, su za a tambaya. Da Naomi ta ce to za ta tafi kawai ta dawo da yamma, Madam ta ajiye dutsen guga ta dube ta.

"Ki tafi mana, ƙofa a buɗe take. Amma ki haɗa da kayanki. 'Yan mata na nan cike da tasha suna neman wurin kwana a garin nan."

Nan ne ƙafar Naomi ta ɗaure. In ta tafi ba izini ta rasa aikin, da me za ta aika wa Clara abinci? Me za ta ce wa dattawan in suka tambaye ta da me za ta ciyar da yarinyar? In kuma ta zauna, a tafi da ita. Ta sauko famfo ta buɗe ruwa ya cika jarka yana zuba, ba ta ma sani ba sai da na rufe.

Raina ya ɓaci, na yafa mayafi na hau benen nan da ban taɓa hawa ba. Na gaida Hajiya, na ce ni zan karɓi aikin Naomi ranar Juma'a, tuwo ne ko ƙosai ba abin da ban iya ba, kuma ba na son ko sisi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi godiya da baki, ta ce Alhaji ba ya cin abincin hannun kowa, kuma me mutane za su ce in aka ji matar direba ce ke yi mata girki kyauta? Na juya wurin Madam na ce to Lahadi fa? Ta ce ba ta ƙi ba, amma in ta saki Lahadi ɗaya an sami ƙofa ke nan, gobe za a ce dama ita ce mai laifi. Waccan ta fara sakin Juma'a, ita ma za ta saki Lahadi. Na sauko ina huci, maigidana ya ce in rufa masa asiri, Alhaji Zaid ogan ogansa ne, ɗakin nan da muke ciki ma da alfarma muka same shi. Na haƙura na bar maganar ba don na so ba.

Saura mazan. Naomi ta tare Alhaji a matakala da safe yana sauri, ta durƙusa a gabansa har ya kusa tuntuɓe da ita. Mutum ne mai ilimi, mai taushin murya, an ce ma a ofishinsu har takardu yake rubutawa kan haƙƙin ma'aikata. Ya saurare ta yana duba agogo. Ina tsaye a ƙofata na ji amsarsa.

"Naomi, abin da aka sani shi ne ma'aikaci yana da rana ɗaya a mako. Mu mun ba ki, ko ba mu ba ki ba? To, mun fita haƙƙinki. Abin da ke tsakaninki da wancan ɓangaren ba hurumina ba ne. Ki yi haƙuri, bayan Salla za a duba."

Oga Godfrey kuwa dariya ya yi har yana dafa mota. Ya ce shi da yake babban ma'aikaci bai huta kamar Naomi ba, ita ce mai hutu biyu a mako, ɗaya daga Musulmi ɗaya daga Kirista, wa ya kai ta gata a Abuja? Ya shiga mota ya ja.

Lucy ta koma da saƙon roƙo, a ƙara mata lokaci. Justice, a gaskiya, ya yi ƙoƙari. An ce ya aika wa ofishinsu cewa mahaifiyarsa ba lafiya, aka ƙara masa 'yan kwanaki. Salla ta zo, gidan Alhaji ba su tafi gida ba, don manyan gwamnati duk sun tare a Abuja, shekarar kowa so yake a gan shi. Baƙi suka yi ta tururuwa. Naomi ta rame, idanunta suka faɗa, ta fara mantuwa. Ta zuba sukari a miyar Madam, ta ƙona rigar Alhaji da dutsen guga. Abin da ya haɗa matan biyu a baki ɗaya tun rigimar firji shi ne cewa yarinyar nan ta lalace, birni ya buɗe mata ido. Rannan na ga ta tsaya a tsakiyar matakala da jarka a kafaɗa, ta jingina da bango ido a rufe. Na ɗauka suma ta yi, ashe barci ne ya sace ta a tsaye.

Bayan Salla ta tuna wa Alhaji alkawari, ya ce ta yi magana da Hajiya. Hajiya ta ce Juma'ar nan ƙannen Alhaji za su zo, ta bari ta gaba.

Sai ga bikin Ista. Gidan Oga Godfrey suka loda mota ranar Asabar suka tafi garinsu. Ba wanda ya yi niyyar taimakonta, Lahadi ce kawai ta faɗo babu mai ita. Gari na wayewa na ga Naomi ta sauko da ƙunshinta da ankon da ta ɗinka wa Gift, tana tafe tana haɗawa da gudu. Na yi mata addu'a har ta sha kwana.

Washegari da hantsi ina wanki sai ga ta. Ƙunshin na hannunta yadda ta tafi da shi. Ta zauna a bakin famfo. Ta fara ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa kamar labarin wata take bayarwa. Tun ranar Laraba Justice ya tafi da Gift. Ya jira har ya gaji, an aiko masa cewa in bai koma ba za a hukunta shi. Dattawa suka ce sun ba da lokaci har sun ƙara, uwar da ke da hutu biyu a mako ta kasa zuwa sau ɗaya, ai ta ba da amsa. Ashe tun farkon zuwanta ta aika gida da murna cewa an ba ta kwana biyu, kuma shi suka riƙe. Ta yi rantsuwa, ta yi bayanin Juma'a da Lahadi, ba wanda ya gane, wani tsoho ma ya ce ta daina raina musu hankali. Surukar ce kawai ta lalubo hannunta ta riƙe tana kuka. Ita ta gaya mata cewa da za a sa Gift a mota ta turje, tana cewa a bari sai Juma'a, mamanta za ta zo.

Ta rasa motar dawowa, ta kwana a Gwagwalada. Na ce ta shiga ɗakina ta sha ruwa ta ɗan kwanta, ta ce a'a, ta riga ta makara.

Ban san abin da ya fi ƙona mini rai ba, tafiyar yarinyar ko yadda aka karɓi labarin a sama. Hajiya ta ce inna lillahi, ta ce ƙila hakan ne alheri, ai soja zai sa ta a makaranta. Sannan ta ƙara da cewa Lahadi ta bayar ba Litinin ba, yau ta tashi ba ruwa ko ɗigo a gidan. Madam Vivian da ta dawo ta ce abin tausayi, da an saki Juma'a ɗaya da duk haka ba ta faru ba. Alhaji ya ce ƙaddara ce. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu, ba wanda ya hana ta abinci. Mutane huɗu masu ilimi, masu zuwa masallaci da coci, waɗanda in aka ƙara musu minti goma a ofis sai an ji bakinsu, kowannensu ya kwanta da zuciya fara tas, don kowa ya ba da ranarsa. Da za ka kai su gaban alƙali ma ban san da me za ka kama su ba. An raba mace gida biyu kamar tsire, an manta cewa jikin ɗaya ne, ƙafafun da za su kai ta Yangoji ma biyu ne kacal. Kuma ba su kaɗai ba ne, benayen Garki da Wuse cike suke da irin Naomi a shekarun nan, garin da aka ce an gina shi don kowa.

Ba ta bar aikin ba. Ina za ta? Ta ci gaba da hawa da sauka, sai dai ta daina tsayawa hira. Bayan kamar mako biyu, wata ranar Alhamis da la'asar, ta tsaya a ƙofata da jarka a kafaɗa, ta kira ni a hankali.

"Maman Hassan, mijinki direba ne, ya san hanya. Wannan Fatakwal ɗin, in mutum ya tashi da asuba, zai iya je ya dawo rana ɗaya?"

Na san amsar. Maigidana ya sha zuwa, yini guda ake yi a hanya kafin a isa, in mota ba ta lalace ba. Na dubi fuskarta na kasa faɗa, na ce zan tambaye shi. Ta gyaɗa kai ta ce in tambaya da kyau, don in Allah ya sa wata Lahadin ta sake faɗowa tana so ta kasance a shirye.

Daga sama Hajiya ta ƙwala mata kira. Kafin ta amsa, Madam ma ta kira ta ta ɗaya tagar. Naomi ta gyara jarkar ta fara hawa.